Dajin da Na Rubuta Ba Shi da Mai Shi

Duk abin da tsufa ya goge mini a kai, bai goge ranar da na tsaya gaban mutanen Tungar Marke na ƙaryata rubutun hannuna ba. Ku da kuka shigo aikin daji yanzu kuna zagaye a kan babur, ku gyara zama. Na san an gaya muku Malam Shehu ya iya aiki. Gaskiya ne, na iya, ba zan yi muku kawaici a kan wannan ba. Amma iyawar ba da ita na fito daga makaranta ba, a Tungar Marke na samo ta.

Zamanin Jihar Arewa ne, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ni mai gadin daji ne a lokacin, wato matakin ƙasa cikin masu sa kaki. Sama da ni akwai malamin daji, sama da shi kuma akwai babban malamin daji, wanda ke zaune a birni yana fitowa rangadi. Aka ajiye ni Tambuwal, aka ce yankina ya bi kudu har wajen Kebbe. Kayan aikina keke ne, da sarƙar awo, da kamfas, da littafi, da wata hula mai tambari wadda ko salla zan yi sai na ajiye ta inda zan riƙa hangenta. Ɗan birni ne ni, shekaruna ashirin da 'yan kai, kuma a ganina duk manomin da ke riƙe da gatari maƙiyin itace ne. Doka ta ce akwai itatuwan da ba a sara sai da takardar izini. Ni kuwa na faɗaɗa dokar da kaina. In na gamu da mutum a hanya da ɗanyen itace a kafaɗa, ba na tsayawa jin ta bakinsa, gatarin nake karɓewa in liƙa masa takarda in jefa ɗakin ajiya. Kafin damina biyu ta zagayo ɗakin ya cika da gatura, mutane kuma suka raɗa mini suna Ci-Gatari. Da sunan ya zo kunnena, wallahi daɗi na ji.

A shekarar ne aka yanke shawarar keɓe wani yanki na daji tsakanin Tambuwal da Kebbe ya zama gandun hukuma. Bari in bayyana yadda ake yi, don da yawanku gandun kawai kuka tarar. Da farko ana aika ma'aikaci ya zagaya ya auna, ya tambayi mutanen kusa ko akwai mai gona, ko mai kiwo, ko mai wani haƙƙi a ciki, ya rubuta rahoto. Sai a kafa duwatsun iyaka, a yi shela a kasuwanni, a ba da wa'adi. In wa'adi ya cika, babban malami ya zo ya zauna a bainar jama'a ya saurari duk mai da'awa. Wanda ya tashi ya kawo shaida, a fitar masa da nasa daga cikin iyaka. In babu wanda ya tashi, a sa hannu, shi ke nan ƙofa ta rufe. Daga ranar ko asawaki mutum ya karya a ciki ya yi laifi.

Ni aka ba awon gefe ɗaya. Kwana tara muna jan sarƙa, ni da leburori biyu, cikin geza da sabara, dajin da wuta ke ci kowace shekara, har muka ɓullo bayan Tungar Marke. Nan na tsaya baki buɗe. Daji ne mai duhu, marke a tsaye miƙe sambal, ga kirya, ga taramniya, ga manyan ɗorawa nan da can, ƙasa baƙa wuluk da ruɓaɓɓen ganye. Na zagaya ban ga kututture ko ɗaya ba, ban ga tabon wuta ba. Abin da na lura da shi kawai, yawancin marken uku-uku suke tashi daga gindi ɗaya, kuma a jikin gindin akwai wani ɗan curin busasshiyar ƙasa. Na ce a raina gara ce, na wuce.

Na shiga gari don yin tambayar da ƙa'ida ta ce. Mai gari ya tara maza a ƙofar gidansa, ni kuma na zauna kan turmi, hula a kai, littafi a gwiwa.

Na ce, "Wa ad da dajin can na bayan gari?"

Suka dubi juna. Wani dattijo dogo siriri mai farin gemu, wanda daga baya na san sunansa Arzika, ya ce, "Na Allah na, malam."

Na ce, "Akwai mai sara ciki?"

Ya ce, "Subhanalla! Mu da sara? Ko kusa."

Na juya ga wani mai suna Labbo, wanda na ga garken shanu a bayan gidansa, na tambaye shi ko yana kiwo a ciki. Ya ce shanunsa ba su ma san hanyar wurin ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya girgiza kai. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa mutumin da ake kira Ci-Gatari, in ya tambayi manomi ko yana sara, amsa ɗaya ce zai samu. Na koma Tambuwal na rubuta da kyakkyawan rubutuna: daji ne da hannun mutum bai taɓa ba, babu mai shi, babu mai amfani da shi.

Babban malaminmu a lokacin Malam Haruna ne, mutumin gabas, mai irin Hausar rediyo, wanda ba a cika ganin haƙoransa ba. Ya karanta rahoton ya ce, "Aikinka ya yi kyau. Wannan yanki shi ne zuciyar gandun. In an gama zan sa sunanka a ƙarin girma." Kai, ranar da ƙyar ƙafata ke taɓa ƙasa. Aka kafa duwatsu, dajin bayan Tungar Marke ya faɗa ciki gaba ɗayansa. Aka yi shela a Tambuwal, aka yi a Dogon Daji, aka yi a Kebbe. Wa'adi ya yi ta tafiya, babu wanda ya zo ya ce uffan.

Saura kwana takwas a yi zama, ranar kasuwa, ina gaban ofis ina sa wa sarƙar keke mai, sai ga wata tsohuwa gajera ta sauke ƙwaryar daddawa a gabana. Ko sallama ba ta ƙarasa ba.

Ta ce, "Kai na Ci-Gatari?"

Na ce, "Ni na, Inna."

Ta ce, "Sunana Hajjo, ƙanwar Arzika ta Tungar Marke. An ce kai ka sa ma takarda dajinmu bai da mai shi."

Na ce, "Mazanku sunka faɗi haka, ni rubutawa kawai niy yi."

Ta ce, "Mazanmu tsoronka sukai. To kai ba ka da idanu? An ce boko kay yi a kan icce. Gobe ka zaka, in nuna maka abin da bokon bai nuna maka ba."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta yi gaba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don masinjan ofis yana tsaye yana jin komai yana danne dariya. Na rantse ba zan je ba. Amma maganar idanun nan ta tsaya mini a wuya, washegari da sassafe sai ga ni kan keke.

Na same ta a bakin dajin da fartanya a hannu. Ta nufi gindin wani marke, ta nuna curin ƙasar nan ta tambaye ni mene ne, na ce gidan gara ne, sai ta juya ƙotar fartanyar ta buge shi. Ƙasar ta tarwatse. A ƙarƙashi ga saran gatari, sumul, a karkace don kada ruwa ya kwanta, kusa da ƙasa kamar taki ɗaya. Na durƙusa na shafa. Na sa farce na kankare gefe, sai ga wani tsohon sara da ɓawo ya kusa rufewa, a bayansa kuma ga wani wanda ya fi shi tsufa. Na tashi na je gindi na biyu na fasa da kaina. Haka. Na uku ma haka.

Nan ta zaunar da ni ta warware mini. Dajin na gidaje shida ne, kowa da nasa yanki, tun kakanninsu da suka sari tungar. Ɗorawan nan da na gani a warwatse su ne iyakoki, kuma na matan gidajen ne, ita kanta biyar gare ta, da su take daddawarta. Marke kuwa ba a kashe shi. Kowane gindi ana bar masa rassa uku, babba da na tsakiya da auta. In kaka ta wuce a ɗauke babban, a kwaɓa yumɓu da kashin shanu a shafe saran don kada ya ruɓe ko gara ta shiga. Da damina sai toho ya fito da yawa, a zaɓi ɗaya mai lafiya a bar shi ya zama sabon auta, a fizge sauran. Shi ya sa dajin bai taɓa buɗewa ba, kullum a cike yake. Ba wanda ke shiga yankinsa da gatari shi kaɗai, sai da idon maƙwabci, don kada kwaɗayi ya sa ya wuce ƙa'ida. In an gama girbi gidajen shida su yi gayya su share hanyar wuta su kewaye dajin. Labbo ke ba da kashin shanu, ya tsare garkensa har toho ya fi ƙarfin baki, sa'an nan a buɗe masa ya yi kiwo. Daga nan gari ke samun itacen rufin ɗaki, da na rumbu, da ƙota, da taɓarya.

Ta dube ni ta ce, "Dajin da kab biyo kuna jan sarƙa, shi na wanda bai da mai shi. Ka ga yadda shike. Wanga ko da kag gani da kyau, hannun mutum na yay yi shi."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Ni da aka koya wa itace a aji, na tsaya a tsakiyar aikin da ya fi duk abin da aka koya mini, na kira shi gidan gara. Bayan kunyar kuma sai tsoro ya biyo, kuma ba zan ɓoye muku ba, tsoron ƙarin girmana ne. Na yi kwana biyu ina lallashin kaina. Ai su suka yi ƙarya, ba ni ba. In na yi shiru, a sa hannu, babu mai kama ni da laifi. Amma na san abin da zai biyo baya. Da zarar ya zama gandu, sara ya tsaya, gayya ta tsaya, don babu mai share hanyar wuta a dajin da aka kore shi daga ciki. Gidaje shida za su rasa abin kakanninsu, dajin kuma wuta ta mai da shi geza. Duk a kan layi ɗaya da na rubuta ina taƙama.

Rana ta uku na koma wurin Arzika. Na same shi a zaure yana feƙe ƙota da ƙaramar wuƙa. Na cire takalmi na gaishe shi, abin da ban yi ba a zuwan farko.

Na ce, "Baba, na ga saran. Ranar zama ka tashi ka ce dajin naku na, ka ce kuna sara. Saran nan shi na shaidarku, ba ku da wata."

Ya ci gaba da fiƙarsa. Can ya ce, "In tashi gaban babbanku in ce nika sara? Malam, bara ka tare ni hanyar Dogon Daji da ƙota biyu a kafaɗa. Ƙota biyu. Kak karɓe mini gatarin da nig gada ga ubana. Yanzu kana son in tara maka mutum shida gaban alƙali?"

Wallahi ban ko gane shi ba. Gaturan da na karɓa sun yi yawa har ban riƙe fuskokin masu su ba.

Na ce, "Baba, in kun yi shiru dajin ya tafi."

Ya ce, "Mun yi shawara. Hukuma ta kafa duwatsunta ta tafi, mu ci gaba da abinmu kamar da."

Na ce masa ba haka gandu yake ba. Za a ajiye mai gadi a bakin dajin, kuma abin da yau ake iya gyarawa da takardar izini, gobe zai zama laifin ɗauri. Na yi bayani har bakina ya bushe. Ya saurare ni tsaf, ya ce in gaida gida. Na fito na san bai yarda da ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ana gobe zama Malam Haruna ya sauka Tambuwal. Bayan la'asar na same shi a masauki yana duba takardu, na ƙame na faɗa masa komai, tun daga curin ƙasa har gidaje shida. Ya cire tabarau ya ajiye.

Ya ce, "Wato rahoton ƙarya ka ba ni."

Na ce, "Rahoton makaho, ranka shi daɗe."

Ya ce, "Takardarka ta riga ta wuce sama, da sa hannuna a ƙasanta. Ba zan janye ta don wata tsohuwa ta fasa maka ƙasa da fartanya ba. Gobe zan yi tambaya sau uku kamar yadda na saba. In mai haƙƙi ya tashi ya faɗa da bakinsa, zan saurare shi. In bai tashi ba, in sa hannu. Kai kuma ka san abin da wannan magana za ta jawo maka."

Na ce na sani. Daga nan na wuce ɗakin ajiya, na yi ta juya gatura ina karanta takardun da na liƙa, har na samu mai cewa hanyar Dogon Daji, ƙota biyu. Tsohon gatari ne, ƙotarsa ta yi santsi don riƙo, bakinsa ya yi ja da tsatsa. Na naɗe shi a buhu na ɗaure a bayan keke.

Washegari da hantsi aka zauna ƙarƙashin tsamiyar Tungar Marke. Malam Haruna a kan kujera da ɗan tebur, mai gari a gefensa, maza a ƙasa, mata a bayan zana suna leƙe. Aka karanta iyakoki. Aka karanta rahotona da ƙarfi, har wurin da na ce babu mai shi. Sai Malam Haruna ya ɗaga kai ya ce, "Akwai mai haƙƙi a cikin wannan daji?"

Shiru. Arzika ya zuba wa yatsun ƙafarsa ido.

Ya sake tambaya. Shiru. Daga bayan zana na ji Hajjo ta yi wani tari wanda kowa ya san ba na mura ba ne. Babu namijin da ya motsa. Malam Haruna ya zare murfin alƙalaminsa, a natse, ya ajiye a kan tebur.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na cire hular nan da nake ji da ita, na ce, "Ranka shi daɗe, kafin ta uku ina da magana." Na juya ga jama'a. Na ce rahoton da aka karanta ni na rubuta shi, kuma ba daidai ba ne. Na ce na shiga daji na ga aikin hannu ban gane shi ba. Na ce na zo na yi tambaya da fuskar mai ƙwace, aka ba ni amsar da ake ba mai ƙwace, laifin nawa ne. Sa'an nan na kwance buhu, na ɗauko gatarin da hannu biyu, na tsugunna na ajiye shi gaban Arzika. Na ce, "Baba, ga abinka. Ni na faɗi nawa gaban babbana. Saura kai."

Arzika ya daɗe yana kallon gatarin. Ya miƙa hannu ya shafa ƙotar, ya juya bakin ya ga tsatsar, ya girgiza kai. Sai ya dogara shi a ƙasa ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, dajin ga yana da masu shi. Ni na, da mutum biyar. Ni nika sara. Tun ban da gemu nika sara, ubana ma ya sara, nai uban ma haka. In ɗauri na, ga ni."

Labbo ya miƙe ya ce shanunsa sun san hanyar wurin sarai, har da inuwar da suka fi so. Mutane suka fashe da dariya, sauran huɗun suka tashi ɗaya bayan ɗaya. A bayan zana Hajjo ta rangaɗa guɗa, mai gari yana ta ɗaga mata hannu ta yi shiru.

Malam Haruna bai yi dariya ba. Ya mai da murfin alƙalami ya ce, "Faɗa ba shaida ba ce. Mu je in gani."

Muka ɗunguma cikin daji. Ya fasa curin ƙasa da kansa a gindi biyar ko shida, ya durƙusa yana bin tsofaffin sara da yatsa. Sa'an nan ya yi abin da ni ban yi tunaninsa ba. Ya sa aka tsai da masu dajin shida can nesa inda ba sa jin magana, ya zaɓi wani gindi mai babban reshe miƙaƙƙe, irin wanda duk mai ginin ɗaki zai yi sha'awa, ya sa aka kira Arzika shi kaɗai.

Ya ce, "In yau ranar sara ce, wanne za ka ɗauka a nan?"

Arzika ya zagaya gindin, ya kama autan ya auna da hannunsa. Ya ce, "Ba a taɓa wanga bana. Autan bai kai kaurin tsintsiyar hannu ba. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Aka kai shi gefe, aka kira na biyu. Ya kama autan, ya ce ba bana ba. Na uku haka. Har Labbo, wanda nake ganin shanu kawai ya sani, ya ce wanda ya sari wannan bana sai gayya ta ƙi zuwa gonarsa. Mutum shida, ba wanda ya ji ta bakin wani, magana ɗaya. Ina tsaye a baya zuciyata fari fat, don na san an gama. Malam Haruna ya zaro ɗan littafinsa na aljihu, ya ce wa Arzika, "Malam, yumɓun nan da kashin shanun, wanne ya fi yawa a kwaɓin?" Arzika yana faɗa, shi yana rubutawa.

Da aka koma ƙarƙashin tsamiya ya yanke magana. Za a janye iyaka zuwa bayan hanyar wuta, dajin gidaje shida ya fita daga gandu. Za a rubuta musu takardar izini su ci gaba da sara yadda suka gada, da sharaɗin ba a taɓa ɗorawa, sharaɗin da ya sa Hajjo ta ce daga bayan zana wanda ya taɓa ɗorawarta ba sai hukuma ta wahala ba. Sai ya juyo gare ni. Ya ce, "Duwatsun da ka kafa, kai za ka tumɓuke su ka mai da su sabuwar iyaka. Ba lebura. Maganar ƙarin girma kuma ka manta da ita tukuna. Sa hularka."

Kwana huɗu na yi ina jidar duwatsu a kai. Ƙarin girman nan sai da na ƙara damina uku kafin in gan shi, waɗanda muka fara tare suka wuce ni. Ya yi mini zafi, kada wani ya ce muku bai yi ba. Sauran gaturan ɗakin ajiya kuwa, da izinin Malam Haruna na bi takardunsu na mayar wa masu su, ƙauye ƙauye, wasu suka karɓa da godiya, wasu suka wanke ni tas, na haɗiye. Da aka kafa gandu sai aka ajiye ni mai gadinsa, a gefen da ya yi iyaka da dajin Tungar Marke.

Bayan kakar shekarar, wata safiya Arzika ya aiko kirana. Na same su a cikin daji, gidaje shida, ga kwaɓin yumɓu a ƙwarya. Gatarin nan yana hannunsa, an wasa shi yana ƙyalli.

Na ce, "Baba, lafiya? In takardar izini ta, ai tana hannunku."

Ya ce, "Ba takarda ba ta. Ba mu sara sai da idon maƙwabci. Da mu shida na. Yanzu gandu na maƙwabcinmu ta yamma, kai ko ad da gandu. Duba gindin ga ka faɗa mini, a ɗauka ko a bari?"

Na tsugunna na kama autan na auna da hannuna, mutum shida suna kallona. Na ce, "Ya kai, Baba. A ɗauka."

Ya ce, "To, ka fara gani." Ya miƙo mini gatarin ta wajen ƙota. Ni, Ci-Gatari, na sari marke da hannuna, ƙasa ƙasa, a karkace, yana tsaye a kaina yana cewa in rage ƙarfi, ba faɗa ake yi ba. Da reshen ya faɗi, Labbo ya turo mini ƙwaryar kwaɓi. Na naɗe hannun kaki na cusa hannu cikin kashin shanu na shafe saran. Hajjo tana can gindin ɗorawarta, ta ɗaga murya ta ce, "Ci-Gatari, a kula da gidan gara!"

To, ga abin da zan bar muku. In kun shiga daji kun gan shi da kyau fiye da na kewayensa, kada ku ce ya tsira ne don ba a taɓa shi ba. Ku nemi hannun da ke riƙe da shi, akwai shi. In kuma kun tambayi mutane suka ce babu, ku tuna da irin fuskar da kuka yi tambayar. Manomi ba ya ɓoye wa wanda ya amince da shi, kuma aikinmu ba ya yiwuwa sai da shi, don mai gadi ɗaya ba ya tare wuta, gayya ke tare ta. Na riƙe gandun nan shekaru masu yawa wuta ba ta tsallaka ta gefen Tungar Marke ba ko sau ɗaya, don in sun share hanyarsu sukan zarce su share tawa.

Arzika ya daɗe da rasuwa, Hajjo ma haka, Allah ya ji ƙansu. Zuwana na ƙarshe kafin in ajiye aiki, jikokinsu suka zagaya da ni. Na nemi gindin da na sara, na same shi, rassa uku a tsaye. Na kankare ɓawo na gano sarana, ya kusa rufewa, a karkace fiye da kima don ranar ce farkon sarana. Wani jikan Arzika, magidanci da gemunsa, ya ce ai sun san shi, gindin Malam suke kiransa. Ya ce bana ya isa ɗauka, amma sun bar shi ne suna jiran idon maƙwabci.

Na kama autan na auna. Na ce ya kai, a ɗauka.